Ƙwan Ungulu a Tudun Marke

Kai ne, Mijinyawa wanzami. Kai ka fasa wa ɗana kai, ko da yake ba hannunka ne ya ɗaga sandar ba. Kada ka tsaya kana shafa gemu kana cewa kai me ka yi, domin ina wurin, a kasuwar Tudun Marke, ƙwaryar nonona tana gabana. Ni ce Asta ta Gidan Ɗinya. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba aka cire ni, amma ido biyu Allah ya ba ni kamar kowa, kuma sun gani.

Bari in ɗauko daga tushe, saboda waɗanda ba su san mu ba.

Wanda ake magana a kansa ɗan farina ne. Mu da kakanninmu suka bi shanu kafin su zauna noma tsakanin Getso da Kutama, ba ma wasa da kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa. Ba na zama inda yake zaune, ba na ɗaga ido in kalli fuskarsa, ba na cewa ɗana ne a gaban mutane. Uwar mijina ce ta yaye shi ta riƙe shi, ni Adda yake ce mini kamar wata yayarsa. In maganarsa ta kama sai in ce wancan, ko ɗan gidan nan. Haka uwata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Kai ka san duk wannan, Mijinyawa. Kai ka aske masa gashin suna, kana tsugune a zaurenmu liman ya raɗa sunan, kai ka yi masa kaciya. Babu abin da yake ɓoye maka a gidanmu.

An ɗauke shi makaranta yana ƙarami, daga Gwarzo ya wuce Zariya, daga Zariya ya haye ƙasar Turawa, ya dawo ana ce masa Dokta. Mutane suka yi ta kawo masa ciwon baya da na ciki, yana ba su haƙuri yana cewa shi ba ya duba mutum. Karatunsa na haihuwar namun daji ne: yaushe suke barbara, me ke sa ciki ya zube, me ke sa ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Ya yi shekaru a dajin ƙasar Bauci yana bin sawun giwaye yana tsintar kashinsu, wai a cikin kashin ake gane wadda ta ɗauki ciki. Da labarin ya iso gida an sha dariya, ni ma na yi tawa a ɗaka inda ba mai gani. Daga nan ya koma fadamun Haɗeja wajen gauraka. Sai a 'yan shekarun nan ya juyo gida, ya ce ungulu zai bi. Samarin garinmu suka laƙaba masa ungozomar ungulu, in sun faɗa ya amsa musu yana murmushi.

Ba ni yake gaya wa aikinsa ba. Furera yake gaya wa, ƙawata da muke tallan nono tare tun muna amare, yana zaune a bakin ƙofa ya ba ni baya, ni ina daga ciki ina kaɗa mai ina saurare. Ya tambaye ta yaushe rabon da ta ga ungulu ta cika mahauta har mahauta suna korar ta da sanda. Furera ta ce wallahi an jima. Ya ce ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, in aka ɗauke shi shekarar ta tafi a banza, in kuma aka kashe uwar an kashe na shekaru masu zuwa. Ya ce ranar da ta ƙare, mushe zai yi ta ruɓa a bayan gari, karnuka su yi yawa, cuta ta biyo. Shi ya sa yake hawa rimi da maɗaci yana leƙa sheƙa, yana auna ƙwan ya mayar, in ɗan ya fito ya sa masa ɗan zobe a ƙafa.

Duk wannan a cikin matsin da kowa ya sani. Jami'arsu yau yajin aiki gobe yajin aiki, motar da suke shiga daji da ita ta mutu an ɗora ta a kan bulo, Turawan da suke taimaka masa sun janye. Bai fasa ba. Ya sayi igiya, ya ari keke, mutum mai mata da 'ya'ya yana hawan itace kamar mai ɗiban zuma. Kullum ya fita ina ganin reshe ne zai karye da shi wata rana. Ashe ba daga sama abin zai zo ba.

Kai kuwa, tun da samari suka koma shagon aski na inji, zabirarka ta yi sanyi, ka sami wata sana'a. Kowa daga nan har Kabo ya san kai kake tara wa fataken da ke zuwa daga kudu kawunan ungulu da ƙwanta, su kai wa masu asiri. Kowa ya san maganin ƙwarin gona kake barbaɗawa a mushen jaki ka koma gefe kana jira. Ɗan nawa ya je har gidanka, ya cire takalmi, ya tsuguna, ya kira ka Baba, ya roƙe ka ka bar ko da masu sheƙa ne. Ka tambaye shi ko ungulun gadon ubansa ce. Daga baya da ya fara yi wa masu gonaki bayani suna hana ka zuwa gindin itatuwansu, ka daina amsa gaisuwarsa. Ni ma ka daina amsa tawa.

Ranar Talata ce, bayan ƙaramar salla, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Da safe ya je wani rimi da ke bakin rafi ta ɓangaren Kabo, ya tarar da ungulayen sheƙar, uwa da uba, a ƙasa an yanke musu kai. Ya hau ya taɓa ƙwan ya ji da sauran ɗumi. Ya sauko da shi, ya naɗe a auduga, ya sa a kwali da kwalaben ruwan ɗumi a gefe, da niyyar kai shi Zariya inda suke da injin ƙyanƙyasa. Tasha mafi kusa ita ce ta kasuwar Tudun Marke, inda ba a san shi ba, domin bai girma a nan ba kuma ba ya cin kasuwa. Babu man fetur a ƙasa, mota sai an yi sa'a. Ya biyo ta layin masu nono ya gaida Furera, ni na kawar da kai kamar kullum, na gan shi ta wutsiyar ido ya wuce wajen mai shayi ya roƙi ruwan zafi ya canja na kwalaben. A nan ya buɗe kwalin. A nan ka hango, kana zaune a rumfarka kana yi wa wani ƙaho.

Ban ji farkon maganarka ba, ihun na ji. Sai kawai na ga kasuwa ta karkata waje guda kamar garke ya ji ƙanshin ruwa, mata suna janye 'ya'yansu, wani yana cewa an kama matsafi da ƙwan ungulu. Da na ji an ce ƙwan ungulu, na gane wanda aka kama. Ni da Furera muka tashi muka nufi wajen.

Ka san samarin nan da suka ɗaura jan ƙyalle a damtse suna zaga kasuwa da sanduna, suna cewa su ne masu taya shari'a aiki, alhali babu hukumar da ta naɗa su. Kafin in kutsa sun riga sun kewaye shi. Sun ƙwace jakarsa da katin aikinsa a ciki an yi jifa da ita. Kai kana tsakiya, ka ɗaga ƙwan sama kana juya shi don kowa ya ga 'yan alamun da ya yi a jiki da fensir, kana cewa ga rubutun nan, ga zobba, ga wata 'yar kwalba mai jan ruwa a ciki. Ma'aunin zafi ne, irin wanda ake sa wa yara a hamata a asibiti, amma a hannunka ya zama kayan tsafi. Kana cewa wannan ba ɗan ƙasar nan ba ne, an daɗe ana ganin sa yana hawa itatuwa yana magana shi kaɗai. Kai da kake sayar da kawunan, kai ne kake nuna wani da yatsa.

Shi kuwa bai damu da kansa ba. Hannu biyu ya miƙa maka yana cewa, "Baba, don Allah a hankali, da rai a ciki. Kada ka girgiza shi."

Wani ya ce kun ji ko, ya ce da rai a ciki.

Babban samarin, wani dogo da ake kira Maikuɗi, shi ne ya ɗan yi hankali. Ya ware hannuwa ya tare 'yan uwansa, ya ce a dakata, a tambaya tukuna ko akwai wanda ya san mutumin nan. Na ture wata mai gyaɗa na fito fili. Mayafina ya zame ban tsaya gyarawa ba. Na ce na san shi.

Maikuɗi ya ce, "Inna, wane ne shi a wurinki?"

Na ce ɗan gidanmu ne. Abin da bakina ya saba faɗa ke nan tun ranar da aka haife shi, shi ne ya fito. Kada wani ya zo ya ce mini da na ce kaza da na ce kaza. Duk matar da ta fito daga inda na fito haka za ta ce, kuma da an bar ni da yaron nan Maikuɗi da ya ƙara tambaya ya gane. Kai ne ka shiga tsakani. Ka juyo ka dube ni cikin ido, na ga ka gane abin da za ka yi, ka kuma ga na gane.

Ka ce, "Ɗan gidanku ne, Asta? Madalla. To gaya musu sunansa."

Ban san tsawon shirun da na yi ba. Furera ta ce bai kai a haɗiye yawu ba. Sunan yana nan a maƙogwarona, amma harshen da ya yi shekara kusan arba'in yana kauce masa bai san ta inda zai kama shi ba. Kasuwa duka tana kallon bakina. Shi ma ya juyo yana kallona, na ga ya girgiza mini kai kaɗan, wai kada in wahalar da kaina. Furera ta buɗe baki za ta faɗa, ka daka mata tsawa ka ce ba ita aka tambaya ba. Sannan ka juya wajen samarin ka buɗe tafin hannu ka ce sun gani da idonsu, tsohuwa ba ta san shi ba, tausayin mata ne kawai ya fito da ita. Ka saki ƙwan ya faɗi.

Ɗana ya sunkuya zai tare shi. Yana sunkuye sandar farko ta same shi a ƙeya. Na ji ƙarar, irin ta ƙwarya sabuwa in ta faɗi a kan dutse. Ƙwan ya fashe a gabansa, ɗan tsakon yana motsi a cikin jini da ruwa, wani ya take shi da takalmin taya. Sanduna suka yi ta sauka. Ina jin wani a baya yana tambaya ko akwai mai kananzir.

"Sharfaddeen! Sunansa Sharfaddeen, ɗana ne, ni na haife shi!"

Ban san muryata ce ba sai da na ga Furera ta toshe baki. Na faɗa a kansa na rufe shi da jikina, sanda ɗaya ta same ni a kafaɗa, har yau ba na iya ɗaga ƙwarya da hannun. Matan layinmu da suka ji abin da ya fito daga bakina sun san ba ƙaramin abu ne zai sa in faɗa ba, suka watsar da nononsu suka zo suka kewaye mu suna kururuwa. Maikuɗi ya shiga fizge sandunan yaransa yana cewa uwarsa ce, uwarsa ce, ku bari. Da na ɗago kai na nemi inda kake, har ka naɗe tabarmarka. Wanda kake yi wa ƙaho ka bar shi a zaune da ƙahon a bayansa.

A amalanken shanu muka fito da shi bakin titi, jini yana bin kunnensa, kansa a cinyata. Motar gawayi ce ta taimaka ta kai mu asibiti a Gwarzo. Hanyar nan da na sani kamar tafin hannuna, ranar ta ƙi ƙarewa. Duk ramin da motar ta faɗa sai in sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. A asibitin babu wuta, da hasken taga aka ɗinke shi. Likitan ya ce ƙashin ya tsage, a yi addu'a kada jini ya taru a ciki, in ya fara amai ko numfashinsa ya fara sarƙewa a nemi mota zuwa Kano ko ta halin ƙaƙa. Na tambaye shi ina za a sami motar, ya wuce wajen wani mara lafiya.

Kafin matarsa ta iso daga Zariya ni na zauna a gefen gadon. Sai a lokacin na ƙare wa fuskarsa kallo. Ashe har ya yi furfura a gefen kai. Ashe yana da tabo a haɓa, ban san yaushe ya same shi ba, ban san wa ya yi masa jinya ba. Kwanaki yana kwance bai san inda yake ba, ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, in ya ɗan jinkirta sai nawa ya tsaya.

Ya farfaɗo, alhamdu lillahi, amma ba kamar da ba. Hannunsa na hagu ba ya damƙa sosai, magana tana ɗan karkace masa. Abu na farko da ya nema ruwa, na biyu ya tambayi matarsa ko an leƙa sauran sheƙun da ke bakin rafin. Ya ce saura kaɗan su ƙyanƙyashe, da ya iya tsayuwa zai koma. Matarsa ta yi kuka, ta roƙe shi, ta ce ya dubi 'ya'yansa. Ni ma na yi masa magana baki da baki, tunda kunyar kun riga kun yage ta. Ya ce, "Adda, in ban je ba wa zai je?" Na san irinsu. Ubansa ma haka yake, in ya ce zai kai shanu mashaya ko ana tsawa sai ya kai.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Zai koma, da hannu ɗaya da rabi, kuma hanyar rafin ta Tudun Marke ta bi. A can kuwa magana ba ta mutu ba. Furera ta je kasuwar da ta biyo baya ta dawo da nononta yadda ta kai shi, babu wanda ya taya. Ana cewa matsafin ya kuɓuta ne saboda uwarsa ta yi kuka, wai har da cewa ni ma a bincike ni. An jefo dutse gidanmu da rana tsaka ya fasa mini randa. Jiya wasu samari biyu da ban sani ba suka tsaya a bakin rijiyarmu suna tambayar yara ko Dokta ya dawo daga asibiti. In na ji ƙarar babur yanzu sai na leƙa ta katanga. Kai kuma kana rumfarka kana wasa aska, in an tambaye ka sai ka ce kai dai abin da ka gani ka faɗa, Allah ne masani.

Na je wurin dagaci. Ya ce in yi haƙuri, tsautsayi ne, kai dattijo ne a ƙasar nan, tone-tone ba zai haifar da alheri ba. Na ce masa ranka ya daɗe, haƙurin nawa zai tsaya a gaban sanda in an sake ɗaga ta? Ya ce in tashi in tafi, mace ba ta yi masa tsawa a zaure. Maikuɗi ya zo har gida da ubansa ya durƙusa yana hawaye, ya ce a shirye yake ya faɗi abin da ya faru a ko'ina, amma shi yaro ne, maganarsa ba za ta goge ta mai furfura ba. Gaskiyarsa. Bakin da ya ɗaura, shi ne zai kwance.

Ni ba ni da faɗa da shari'a. Ranar da aka ƙaddamar da ita har guɗa na yi, na ce yau talaka ya sami inda zai kai kuka. A rediyo na ji malamai suna cewa wanda ya yi wa Musulmi ƙazafi babu shaida akwai hukunci a kansa, wanda ya jawo aka zubar da jini akwai hukunci a kansa. To ga ni, ga jinin, ga shaidu layi guda na mata da suka gani. In shari'ar ta masu gyale da masu goge ce kawai a gaya mini in sani, in kuma ta kowa ce, ga wanzami nan a rumfarsa.

Abu biyu nake nema, ba zan rage ko ɗaya ba. Ranar Talata, lokacin da kasuwa ta cika, ka hau kan bencin mai shayin nan ka faɗa da ƙarfin da ka yi ihu da shi cewa ka san shi tun yana cikin tsumma, ka san ba matsafi ba ne, ka kuma faɗi wanda ya yanke kawunan da ke gindin rimin. Ka yi wannan kafin ya tashi daga gadon, domin in ya riga ka isa hanyar nan wani abu ya same shi, ba ni da sauran abin da zan ji tsoro a duniya, kai ne za ka ji. Bayan haka ka biyo ni gaban alƙali a Kabo. Na riga na je na faɗi sunanka a ƙofar kotun, an ce in kawo shaidu, na ce sun fi ƙarfin benci.

In ka ƙi biyo ni, ga abin da zan ce a can: Alƙali, Allah ya gafarta malam, a aika masa sammaci. A zaunar da shi inda zan gan shi, a tambaye shi dalilin da ya sa ya ce in faɗi sunan, ya amsa ina ji.